MARTANI: Kafin Mu Kwashe Littattafan Nan Tara Daga Kantar Yara



Ranar Lahadin da ta wuce ina zaune kusa da shugaba ina rubuta bayanin taro kamar yadda na saba. Hannuna na rubutu, zuciyata na tafasa. Na yi shiru ne don kada a ce sakatare ya yi amfani da kujerarsa ya karkatar da taro. Yau na ajiye littafin ƙungiya a gefe, zan yi magana a matsayina na uban 'ya'ya huɗu da aka haifa a nan Agege, kuma a matsayin wanda yake buɗe ɗakin karatun yara duk ranar Asabar. Ra'ayina ne, ba da yawun shugabanni nake magana ba.

Ga waɗanda ba su halarta ba, ga abin da ya faru. Ɗan wani ɗan uwanmu da ke aiki a Ingila ya aiko mana da kwalin littattafan yara guda 30. Allah ya saka masa da alheri. A cikinsu guda 21 na Turanci ne, guda 9 kuwa zane ne zalla tun daga bango har bango, in ka cire sunan littafin da ɗan abin da ba a rasa ba. Wani dattijonmu da nake girmamawa ya ɗaga ɗaya sama ya ce an cuci yaron nan, an sayar masa da littafin da aka manta ba a buga wa rubutu ba. Aka yi dariya. Da dariya ta lafa sai maganar ta zama ƙudiri: a kwashe guda taran daga kanta, kuma kada ma'aji ya fitar da ko kwabo don buga irinsu. An ɗage ƙuri'a zuwa taron ƙarshen wata.

Na rubuta hujjojin masu ƙudirin da hannuna, don haka ba zan yi musu ƙage ba. Hujja huɗu suka kawo. Ta farko, littafin da babu baƙi ba karatu ba ne. Ta biyu, yaranmu jarrabawa ke gabansu, ba su da lokacin kallon hoto. Ta uku, cewa yaro ya ƙago labari daga kansa koya masa ƙarya ne. Ta huɗu, hotuna ne na masu rai, kuma kayan baƙi ne. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma da farko ina da tambaya: a cikin waɗanda suka ɗaga hannu, mutum nawa ne suka buɗe littafin suka bi shi daga farko zuwa ƙarshe? Ni ke riƙe da rajistar Asabar, kuma ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ya leƙo ɗakin nan ba.

To bari in faɗa muku abin da ke cikin wanda aka ɗaga aka yi wa dariya. Sunansa Journey, wato Tafiya. Wani Ba'amurke mai suna Aaron Becker ne ya zana shi, ya fito a 2013. Wata yarinya ce kaɗaici ya dame ta a cikin gidansu. Uwarta na kan waya, ubanta ya duƙufa a kan kwamfuta, yayarta ma ta kafa kai a kan na'urarta. Kowa ta je wurinsa babu lokaci. Sai ta ɗauki jan alƙalamin zane ta zana ƙofa a bangon ɗakinta, ta tura ta shige. Ta iske daji mai fitilu, ta kai bakin ruwa, ta zana kwalekwale ta shiga. Ruwa ya kai ta wani birni, ya kusa jefa ta ƙasa, ta zana balan-balan ta tashi sama. Can ta ga sojoji sun kama wani tsuntsu mai launin shunayya sun kulle a keji. Ta yi kasada ta sake shi, aka kama ta, alƙalaminta ya faɗi. Tsuntsun ne ya dawo mata da shi, ta zana darduma ta tsere. A ƙarshe tsuntsun ya kai ta wurin yaron da ya zana shi, suka zana ƙafafun keke, ɗaya ja ɗaya shunayya, suka hau tare.

Duk wannan labarin da na ba ku, babu kalma ɗaya a shafukan. Ni na haɗa shi daga abin da idona ya gani, kuma aikin da ake so yaro ya yi kenan. Ba mantuwa aka yi ba. A Amurka akwai lambar girma ta Caldecott da ƙungiyar ɗakunan karatu ta ƙasar ke bayarwa tun 1938 ga littafin yara mafi ingancin zane, kuma wannan littafin yana cikin waɗanda aka karrama a 2014. Na kuma lura shafin da dattijonmu ya buɗe a taro shi ne na uban da ya juya wa 'yarsa baya yana danna kwamfuta. Da mun tsaya mun kalle shi da kyau, wasunmu da ba su yi dariya ba.

Yanzu hujja ta farko, wai ba karatu ba ne. Gaskiya ne littafin nan ba zai koya wa yaro bambanta baƙi da wasali ba, kuma babu wanda ya ce zai yi. Amma karatu ƙafa biyu gare shi. A 1986 wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka bayyana cewa fahimtar rubutu na samuwa ne idan abu biyu suka haɗu: iya haɗa baƙaƙe a furta kalma, da iya fahimtar magana ita kanta. In ɗaya ya zama sifili, sakamakon sifili ne. Mu nan mun san wannan ba sai an faɗa mana ba. Yara nawa muke da su da za su karanta maka shafi guda da Turanci babu gargada, ka ce to me aka ce, su tsaya suna kallon rufin ɗaki? Rahoton da Bankin Duniya ya fitar tare da UNICEF da UNESCO a 2022 ya kiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kashi 89 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Ƙafar farko makaranta na ƙoƙari a kanta, ko da bulala ne. Ƙafa ta biyu wa ke kula da ita?

Ga abin da na gani da idona. Akwai wani cikin guda taran mai suna The Lion and the Mouse, tsohon labarin nan na zaki da ɓera. Jerry Pinkney ne ya zana shi a 2009, ya ɗora labarin a dajin Serengeti na gabashin Afirka, ya kuma lashe babbar lambar Caldecott a 2010. Babu rubutu a ciki sai kukan dabbobi. Wata Asabar na buɗe shafin da zaki ya riƙe ɓera a tafinsa, na tambayi yara me ya sa ya sake shi. Wani ya ce ya ƙoshi ne. Wata ta ce a'a, tausayi ne, a dubi idonsa. Wani ɗan shekara tara ya ce ba tausayi ba ne, kunya ce, babba kamarsa a gan shi da ɓera a baki. Suka yi ta gardama, kowa na mayar da shafi baya yana nuna gira da baki da wutsiya don kare maganarsa. Na bar su kusan minti goma ban sa baki ba. Yaro ya kawo ra'ayi, ya nemo shaida, ya saurari wanda ya saɓa masa, ya gyara maganarsa. Abin da malamin Turanci ke nema kenan idan ya ba da labari a jarrabawa ya ce a faɗi dalilin da ya sa wane ya aikata kaza. Amsar ba ta kwance a cikin layi, sai an tono ta.

Wannan ya amsa hujja ta biyu ma. Masu cewa jarrabawa ke gaba, shin sun duba takardar Turanci ta WAEC da NECO? Akwai sashen da za a ce wa yaro rubuta labari ko wasiƙa ko muhawara, a ba shi farar takarda. Babu abin haddacewa a nan. Yaron da tun yana ɗan shekara shida bai taɓa jera aukuwa uku a jere da bakinsa ba, wannan ya faru, saboda haka wancan ya biyo baya, daga ina zai samo shi yana ɗan sha shida? Masana harshe sun daɗe da gane amfanin irin waɗannan littattafai. Akwai wani ƙarami na Mercer Mayer da ya fito a 1969, na yaron da kwaɗonsa ya gudu ya shiga nema. Ruth Berman da Dan Slobin sun ba yara da manya masu magana da Turanci da Jamusanci da Sifaniyanci da Ibrananci da Turkanci wannan littafin, kowa ya ba da labarin da harshensa, suka wallafa sakamakon a 1994. Ƙanana sukan faɗi abin da ke kowane shafi shi kaɗai. Yayin da suke girma sai su fara ƙulla shafukan da dalili, su riƙe zaren labarin har ƙarshe. Wato iya ba da labari abu ne mai girma a hankali, kamar tsayi, kuma yana buƙatar abinci.

Duk da haka, babban dalilin da ya hana ni barci ba jarrabawa ba ne. Harshenmu ne. Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yaron da aka haifa a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 yana jin Yarbanci a layi, Turancin buroka a filin ƙwallo, Turanci a makaranta, Larabci a Islamiyya. Hausarsa ta rage ta aike da faɗa: zo nan, je ka sayo, bari, za ka sha duka. In mun je gida da salla 'yan uwansu na yi musu dariya, mu kuma mu dawo muna ƙorafi a taro cewa yara sun zama 'yan Kudu. Yanzu a duba kantar nan. Littafi 21 na Turanci, da Turanci kawai za a karanta su. Na Hausa na ƙananan yara ba mu da ko ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa zaga shagunan littattafai a Legas yana nema ya san wahalar samunsa. Guda taran da ake so a kwashe su kaɗai ne a ɗakin nan da yaro zai buɗe ya karanta da Hausa. Mu da bakinmu muke kukan Hausa na mutuwa a gidajenmu, kuma mu ne za mu ɗaga hannu a kwashe su?

Makonni uku da suka wuce wata kaka ta rako jikarta. Daga Yawuri ta zo jinyar ido, ba ta yi boko ba, ta zauna a bakin ƙofa tana jiran a tashi. Yarinyar, 'yar shekara bakwai, tana ba da labarin Tafiya, da ta zo wurin ruwa sai ta tsaya, ba ta san sunan abin da aka zana da Hausa ba, ta faɗe shi da Turanci. Tsohuwar ta leƙo ta ce, "Ke, kwalekwale ne wannan. A cikinsa aka kai ni ɗakin kakanki." Yarinyar ta ce, "Kaka, kin shiga? Bai kife ba?" Shi kenan, tsohuwa ta matso ta karɓi littafin. Kafin a tashi yara sun ji gulbi, sun ji keji, sun ji darduma, sun ji yadda ake kai amarya ta ruwa a ƙasar Yawuri. Da littafin na Turanci ne, da tsohuwar nan tana bakin ƙofa har yanzu. Iyaye mata nawa muke da su a unguwar nan da ke jin kunya idan yaro ya kawo musu littafin makaranta? Sukan ce je ka wurin yayanka. Wannan littafin ya mayar wa uwa kujerarta ta malama, domin a gaban zane ita da mai digiri ɗaya suke, sau da yawa ma ta fi shi bakin labari.

Ba mu kaɗai muka gano haka ba. Kun san Lampedusa, ɗan tsibirin Italiya da jiragen 'yan gudun hijira ke isa daga Libiya da Tunisiya. Wasunmu sun san waɗanda suka bi ta Agadas suka nufi can. A 2012 ƙungiyar duniya mai kula da littattafan yara, IBBY, ta yi tunanin wane littafi za a ba yaran da ke sauka a tsibirin, ga mai Larabci, ga mai Tigirinya, ga mai Faransanci, ga 'yan garin masu Italiyanci. Amsar da suka samu ita ce littattafan da babu rubutu. Suka tattaro sama da ɗari daga ƙasashe fiye da ashirin, aka kafa wa yaran tsibirin ɗakin karatu. Ɗakinmu na Asabar ma haka yake a ƙaramin mataki. Akwai 'ya'yan maƙwabtanmu Yarbawa da ke shigowa, akwai yaran da aka kawo daga Maraɗi ba su jin Turanci ko kaɗan. Littafi ɗaya ke zaunar da su a tabarma ɗaya.

Akwai kuma wanda na so a ce dattawanmu ne suka fara buɗewa kafin yara. The Arrival, wato Isowa, na Shaun Tan ɗan Ostireliya, wanda ya fito a 2006. Magidanci ne ya bar matarsa da 'yarsa ya hau jirgin ruwa zuwa wata ƙasa neman abinci. Ya sauka a birnin da ba ya jin harshen kowa. Mai zanen ya ƙirƙiro wasu baƙaƙe da babu mai iya karanta su a duniya ya cika allunan birnin da su, don mai kallo ma ya ɗanɗani ruɗewar baƙo. Mutumin ya zana gado a takarda kafin a gane masauki yake nema. Ya samu aikin liƙa takardun talla a bango, ya liƙa su kai a ƙasa, aka kore shi. Ya yi ta fama har ya tara kuɗi ya aika iyalinsa suka zo. A shafin ƙarshe 'yarsa ce ke nuna wa wata sabuwar baƙuwa hanya. Iyayena, labarin wane ne wannan? Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Iddo ba ya jin Yarbanci ba ya jin Turanci, da nuni ya sayi abincinsa na farko. Bai taɓa zaunar da mu ya ba mu labarin ba sai a ƙarshen rayuwarsa. Na ba babban ɗana littafin nan, ya gama ya ce, "Baba, haka Alhaji ya yi?" A daren nan muka yi hirar da ba mu taɓa yi ba.

Hujja ta uku ita ta fi ba ni mamaki, wai ƙago labari koyon ƙarya ne. Wanda ya faɗi wannan a taro, na tabbata a gaban kakarsa ya girma yana jin yadda Gizo ya yaudari kura da yadda Ƙoƙi ta sha wahalarsa. Gizo ya taɓa magana? Wa ya zama maƙaryaci saboda tatsuniya? Abubakar Imam ya ba mu Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, inda aku ke ba da labari dare bayan dare, kuma har gobe muna alfahari da shi. Ƙarya ita ce ka faɗi abin da bai faru ba don a ɗauka ya faru. Yaron da ya ce tsuntsu ya dawo da alƙalami don ya rama alheri ya san zane yake kallo, mai sauraronsa ma ya sani. In ma akwai abin tsoro, yaron da ba a taɓa ba shi filin ƙirƙira a fili ba shi ne abin tsoro.

Kuma mu duba da me muke cin abinci a garin nan. Telan da ke cikinmu yana ganin riga a jikin yadi tun bai sa almakashi ba. Mai ɗinkin hula yana ganin zanen a zuciyarsa kafin allura ta shiga. Kafinta na ganin kujera a cikin katako, mai lalle na ganin fure a tafin amarya, makanike na jin ƙarar inji ya hango abin da ya lalace bai kwance ba. Ɗan kasuwar da ya fara tunanin ɗauko tumatir daga Kano ya kawo Legas, ya ga cinikin a ransa kafin ya gan shi a aljihu. Ganin abin da bai wanzu ba tukuna, shi ake kira hasashe da ƙirƙira, kuma shi ne jarinmu na farko tun kafin mu samu na kuɗi. Yarinyar da ke cikin littafi duk inda hanya ta toshe mata sai ta zana mafita. Ina so 'ya'yana su tashi da wannan tunanin, domin ƙasar da za su rayu a cikinta ba ta raba aikin gwamnati a bakin ƙofar makaranta.

Hujja ta huɗu ta shafi addini, kuma a nan malamanmu ne masu magana, gare su za mu koma da ladabi. Abin da zan tunatar kawai shi ne abin da muka ji a wurinsu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abu Dawud ya ruwaito cewa ya ga wani doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta, ya tambaye ta, ta kawo masa zancen dawakin Annabi Sulaiman, ya yi dariya. Doki mai fukafukai fa. A kan wannan malamai da yawa suka yi sauƙi a kan kayan wasa da na koyarwar yara. In akwai mai bin ra'ayin da ya fi tsauri, haƙƙinsa ne, ya hana ɗansa, babu mai tilasta shi. Amma a yi adalci. Littattafai 21 na Turancin nan cike suke da hotunan mutane da dabbobi, babu wanda ya ce a kwashe su. Littafin makarantar kowane yaro haka yake. Sannan da yawanmu muna miƙa wa ɗan shekara uku waya ya yini yana kallon katun don ya bar mu mu huta, kuma ba mu san abin da yake gani ba. In hoto ne matsalar, me ya sa sai wanda ke sa yaro magana da tunani ne ya tsone mana ido?

Zan yarda da masu ƙudirin a wurare uku, don ba gardamar son zuciya nake yi ba. Na farko, littattafan nan ba za su maye gurbin koyon baƙaƙe ba, kuma a ɗakinmu rabin sa'a kawai muke ba su cikin sa'a biyu. Na biyu, in aka jefa wa yaro littafin aka tafi, zai gama shi cikin minti biyu ya ce babu komai. Sai babba ya zauna yana tambaya: me ka gani, me ya sa, me kake zaton zai faru a shafi na gaba? Wahalar kenan, kuma ina zargin ita wasunmu ke gudu. Na uku, lallai a tace. Akwai ɗaya a cikinsu, Tuesday na David Wiesner, inda kwaɗi ke hawa ganyen bado su yi ta shawagi a sararin gari cikin dare. Yara na mutuwar son sa, amma a shafin ƙarshe aladu ne ke tashi sama. In kwamiti ya ga bai dace ba, a ajiye wannan ɗin, ba zan yi jayayya ba. Amma ba a zubar da kwandon mangwaro saboda ɗaya ya sami tabo.

Batun cewa kayan baƙi ne, shi ma akwai ƙamshin gaskiya. Gidajen da ke ciki ba irin namu ba ne, tufafin ba namu ba ne. Sai dai maganinsa shi ne kuɗin bugun da ake so a hana. A Afirka ta Kudu akwai wata ƙungiyar sa kai mai suna Book Dash da aka kafa a 2014, tana yin littattafan yara da zanen yaran Afirka, cikinsu har da marasa rubutu, kuma ta ba kowa izinin saukewa daga intanet ya buga kyauta. Kuɗin takarda da tawada kawai muka nema. Bayan haka, muna da matasa a unguwar nan masu zana allon shago da jikin manyan motoci. Me zai hana mu zaunar da ɗaya ya zana mana shafi goma sha biyu: ragon salla ya tsinke a Agege, yara na bin sa lungu-lungu har cikin ɗanfo? Ko buhun goro da ya taso daga Shagamu har ya isa Kano? Namu zai zama, da fuskokinmu, kowane gida ya ba da labarin da irin Hausarsa, Basakkwace da tasa, Bazazzagi da tasa.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma na yarda. Amma hangen na buƙatar a juyo a kalli wurin. Roƙona ga iyayena masu ƙudiri guda ɗaya ne. Akwai Asabar biyu kafin taro. Ku zo ƙarfe goma na safe, zan shimfiɗa muku darduma, ku zauna rabin sa'a ku saurari jikokinku. Ku zo da iyayensu mata in da hali. Wanda ya zauna ya gani kuma ya ce a kwashe, zan rubuta ƙuri'arsa da hannuna ba tare da ɓacin rai ba, in kuma rinjaye ya tafi can ni zan ɗaure kwalin. Wanda bai zo ba, ina roƙonsa don Allah ya bar hannunsa a ƙasa ranar ƙuri'a. Sauran 'yan uwa kuma, musamman masu ƙananan yara, kada ku zauna a gida ranar taro a yanke hukunci a kan 'ya'yanku ba kwa nan.

In na yi kaushi a wani wuri, ina neman afuwar manyana. Allah ya raya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani, ya haɗa kanmu a kan alheri. Amin.

Daga ɗan uwanku, Sakataren ƙungiya, Agege.